Kafin Dare na Uku: Riƙon Mai Ciwon Baifola a Tagwai da Kewayen Minna

A yawancin gidaje ciwon nan ba da ihu yake farawa ba, ba kuma da tuɓe riga a bainar jama'a ba. Da barci yake farawa. Mutum ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare, ya farka ƙarfe uku garau, ba hamma ba gajiya. Ya share tsakar gida, ya wanke babur, ya kira abokai a waya yana zayyana musu sana'ar da za ta mai da shi attajiri kafin sallah. Kwana biyun farko yabo yake sha, ana cewa wane ya yi hankali, ya kama neman na kansa. Sai magana ta yi yawa, ba ta tsayawa a kan zance ɗaya, kuma ba a isa a katse shi ba. Sai kyauta ta wuce kima: ya raba kuɗin doyar da aka kai kasuwar Paiko, ya yi wa mutum uku alkawarin kujerar Makka. Wanda ya ce masa "sannu, bi a hankali" ya zama maƙiyi. Kafin mako ya zagayo an fara rufe ƙofa ana shawara a kan malamin da za a kira.

Bayan wata biyu ko uku, shi ɗin dai, ga shi kwance a ɗaki fuska a bango. Ba ya wanka sai an matsa, abinci sai an yi da gaske, gaisuwa ma nauyi take masa. Yana tuna abin da ya faɗa wa surukinsa da bashin da ya ɗauko, kunya ta rufe shi. A wannan karon ba a kiran malami. Kemis ake zuwa a sayo maganin taifod da na ƙarin jini.

Fuskoki biyu ne na ciwo ɗaya, wanda likitoci ke kira baifola: rai ya hau sama fiye da kima, sannan ya faɗo ƙasa fiye da kima, a tsakani kuma a sami watanni, wani lokaci shekaru, mutum yana lafiya lau, yana noma, yana koyarwa, yana riƙe da iyali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a duniya. Galibi yakan fara bayyana daga ƙarshen shekarun samartaka zuwa tsakiyar shekaru ashirin, wato daidai lokacin da yaro yake Bosso ko Gidan Kwano yana karatu a jami'ar fasaha, ko yarinya take shirin zuwa ɗakinta. Yana bin jini sosai. Idan aka bincika dangi da kyau, sau da yawa akan tuna da wani kawu ko wata gwaggo da ake cewa "abin nata yakan tashi lokaci-lokaci".

Likita ba ya yanke hukunci don mutum ya yi fushi da safe ya yi dariya da yamma. Wannan halin ɗan Adam ne. Abin da yake nema shi ne hawan da ya ɗauki kamar mako guda cur yana ɓata harkokin mutum, ko faɗuwar da ta kai mako biyu. Akwai kuma nau'in da hawansa ba ya tsanani, kwana huɗu ko fiye na kuzari da surutu da ƙarancin barci, wanda ba ya kai mutum asibiti, amma faɗuwarsa mai zurfi ce. Wannan ne ya fi ɓuya, domin ba wanda ke zuwa wurin likita ya yi ƙarar cewa ya ji daɗi da yawa. Ranar baƙin ciki ake zuwa. Idan aka ba irin wannan mutum maganin ciwon damuwa shi kaɗai, kamar amitiriftilin da ake samu a kusan kowane kemis, yana iya tunzura shi ya haye sama. Saboda haka duk wanda ya raka ɗan'uwansa asibiti, ya ba da labarin duka biyun, har da kwanakin da gida ya ɗauka albarka ce ta sauka.

Tazarar da ke tsakanin gida da likita

Tagwai an fi saninta da madatsar ruwan da ke shayar da Minna ta hanyar matatar Chanchaga. Mutanen ƙauyukan da ke kewayenta manoma ne da masunta da masu ƙananan sana'o'i, Gwari da Hausawa da Fulani da Nufawa. Ga Babban Asibitin Minna, ga Asibitin Ƙwararru na IBB a Chanchaga, ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Bida. Nan ne ƙofofin da za a fara ƙwanƙwasawa a nemi a haɗa mutum da mai duba lafiyar ƙwaƙwalwa. Asibitin tarayya da aka keɓe kacokan don wannan fanni kuwa sai an dangana da Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, wasu kuma su nufi asibitin koyarwa na Gwagwalada ta hanyar Suleja. Ƙasar da ta haura mutum miliyan 200 ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa 300 cikakku, kuma yawancinsu suna manyan birane, wasunsu ma jirgi suke jira. Jihar Neja ita ce mafi faɗin ƙasa a Nijeriya, da ƙananan hukumomi 25. Wanda ya taso daga Tagwai ya fi na Borgu ko Mariga sa'a, amma shi ma idan ya ga likita sau huɗu a shekara ya yi ƙoƙari.

Ke nan sauran kwanakin shekara duka a hannun gida suke. A ganina nan ne maganar take. Mun saba ɗaukar ciwon ƙwaƙwalwa a matsayin gobara: a taru a kashe, a watse. Shi kuwa baifola aikinsa na gaske a lokacin lafiya ake yin sa, ranar da mutum yake cikin hayyacinsa, yana iya zama a yi shawara da shi kamar kowane babba.

Sa gida cikin jinya ba baƙon tunani ba ne a ƙasar nan. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta, inda maimakon a kulle marasa lafiya a bayan katanga, sai a saukar da su a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kusa da asibitin, kowa tare da wani ɗan'uwansa mai kula da shi, da rana su zo karɓar magani. Ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya maimakon ya yi gaba da su. Duniya ta zo ta koya daga Aro. Mu ne muka bar abin ya kwanta.

Barci

Da za a ce iyali su riƙe abu ɗaya tak ban da magani, barci ne. Rashin barci alama ce ta hawa, kuma shi kansa yana jawo hawan. Mai ciwon baifola da ya yi dare biyu a jere bai rintsa sosai ba kuma bai ji gajiya ba, to a ɗauka ƙararrawa ta kaɗa. Kada a jira dare na uku. Masu kula da madatsa ba sa jiran ruwa ya tsallake bango kafin su motsa, ma'aunin da ke jikin ginin suke dubawa kullum. Ma'aunin mai wannan ciwo littafin makaranta ne na naira kaɗan: kowace safiya ya rubuta ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi, ya sha magani ko bai sha ba, sannan ya ba ransa maki daga 1 zuwa 10. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami, ko ya yi zane, ko ƙanensa ya rubuta masa. Bayan wata shida littafin nan zai gaya wa likita abin da hirar minti goma ba za ta fito da shi ba, kuma zai nuna wa mai shi alamomin da suka keɓanta da shi. Wani da yawan saye-saye yake farawa, wani da wa'azin da ba a tambaye shi ba, wata da ɗinkin dare, wani da rubuce-rubuce a Facebook har asuba.

Kiyaye barci a garuruwanmu ba ƙaramin aiki ba ne. Akwai zafin Maris da Afrilu da ke hana kwana a ɗaki idan an ɗauke wuta. Akwai bikin da ake kwana ana kiɗa, da zaman makoki, da aikin gadi, da tuƙin dare zuwa Legas ko Kano. Akwai goro da kofi da lemukan ƙara kuzari da samari ke kwankwaɗa. Mai baifola ba a hana shi shiga mutane ba, amma ya kamata a san shi da cewa ƙarfe goma yana kan shimfiɗa, kuma dangi su tsaya masa idan an fara tsegumi. "Ku bar Yaya ya tafi, gobe da asuba zai dawo," in ji ƙanwa a gidan biki, ta gama magana. Aikin da ke juya dare ya zama rana kuwa, in da hali a sauya shi.

Watan azumi yana buƙatar shiri na daban. Sahur da tarawihi da tahajjud na goman ƙarshe suna yayyanka barci, lokutan shan magani suna sauyawa, ga ƙishirwa. Likitoci a ƙasashen Musulmi sun lura cewa wasu masu wannan ciwo sukan koma ruwa a watan. Abin yi shi ne a ga likita tun a Sha'aban a tsara yadda za a raba magani tsakanin buɗa-baki da sahur, a kuma zauna da malami mai fahimta. Shari'a ta yi wa mara lafiya rangwame, kuma ciwon da ba a gani da ido shi ma ciwo ne. Wanda ya yi tarawihi ya kwanta, ya bar tahajjud don kada ya tashi hankalin gidansa, bai yi sakaci da addini ba.

"Ai ya warke"

Wannan ita ce jimlar da ta fi kowace mayar da mutane asibiti. Wata uku ana shan magani, mutum ya dawo daidai, ya koma shago. Sai baba ya ce, "Ai ya warke, a daina ɗura masa ƙwayoyin nan kada su kashe masa jiki." Shi ma mai shan ya gaji: jikinsa ya yi nauyi, ya yi ƙiba, hannunsa na rawa, kuma in za a faɗi gaskiya yana kewar kwanakin da yake jin duniya a tafin hannunsa. Ga kuɗi. Sai a daina. Lafiyar da ake gani kuwa maganin ne ya kawo ta, kuma yanke shi farat ɗaya ya fi komai saurin dawo da ciwon.

Koke-koken nan ba ƙarya ba ne, bai kamata a share su ba. Halofiridol da Largactil suna iya sandarar da jiki su sa dalalar yawu. Olanzafin yana buɗe ciki ya kawo ƙiba, har ya kai ga ciwon suga, don haka a riƙa auna nauyi da sugan jini. Amma kowanne yana da gyara: a rage, a sauya, a mai da shi na dare, ko a koma allurar da ake yi wata-wata ga wanda haɗiyar ƙwaya kullum ta gagara. Likita ne zai yi wannan, ba mai kemis ba, ba kuma taron dangi ba.

Litiyam shi ne tsohon magani mafi suna. Wani likita a Ostireliya, John Cade, ya wallafa amfaninsa a 1949, kuma har yau yana cikin waɗanda suka fi hana dawowar ciwon da rage hatsarin kashe kai. Sai dai tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da wanda ke cutarwa ƙanƙanuwa ce. Dole a riƙa gwada jini, a duba ƙoda da maƙoƙo, kuma ba kowane ɗakin gwaji ne ke yin wannan ba, shi ya sa likitoci da yawa a nan suka fi karkata ga wasu magungunan. Wanda yake kan litiyam a gari mai zafi irin Minna ya san cewa gumi mai yawa, gudawa, amai ko azumi ba tare da isasshen ruwa ba suna iya tara maganin a jini. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda manomi ke saya bayan wunin huɗa ba tare da tunanin komai ba. Idan aka ga rawar hannu ta tsananta, tafiya ta zama tangaɗi, harshe ya yi nauyi, a tsayar da maganin a nufi asibiti a ranar.

Ga mata akwai ƙarin magana. Sodiyam balfurowet yana aiki, amma yana iya nakasa jariri a ciki, don haka ba a son ba wa macen da za ta iya ɗaukar ciki. Kabamazafin kuma yana rage ƙarfin ƙwayoyin tazarar haihuwa. Matar da ke son haihuwa ta faɗa wa likita tun kafin cikin ya shiga, tare da mijinta. Sannan makonnin farko bayan haihuwa su ne mafi hatsari a rayuwar mai baifola. Ciwon yana iya tashi cikin 'yan kwanaki, da ruɗewa mai tsanani. A nan al'adarmu ta tanadi abin da wasu ƙasashe ke biyan kuɗi su samu: mai jego tana gidan iyaye ko an kawo mata tsohuwa har kwana 40. Abin da ya rage shi ne a sauya wa tsohuwar aiki kaɗan. Ban da ruwan wanka da kunu, babban aikinta ta karɓi jariri da dare don uwar ta sami barci mai tsawo, a kuma rage cincirindon 'yan barka. Idan mai jego ta kwana biyu ba barci, tana maganar da ba kai, ba iska ce ta shafe ta a bayan gida ba; a kai ta asibiti da gaggawa, kada a bar ta ita kaɗai da jaririn.

Wiwi da taramol da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da na ruwansa a 2018, duk suna rura wutar. Haka ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda sau da yawa sinadarin da ke cikinsu kan iya tayar da hawa ko ga mai lafiya. Da yawa daga samarin da ake yi wa kallon 'yan ƙwaya kawai, barcin da ya gagare su suke nema a cikin kwalba.

Malam da likita

Ba amfani a yi kamar ba a san inda ake fara zuwa ba. Ruƙiya ake fara yi, ko rubutu, ko hayaƙi, Kirista kuma ya nufi wurin fasto. Addu'a tana kwantar da zuciya, kuma malamin da mara lafiya ya yarda da shi yana iya sa shi ya sha maganin da ya ƙi karɓa daga hannun uwarsa. Matsala tana farawa ne daga inda aka ce a zaɓi ɗaya, ko aka ce ƙwayar asibiti tana ƙara wa aljani ƙarfi. Kuma akwai dabarar da ciwon kansa yake yi wa kowa: hawan yakan sauka da kansa bayan makonni ko watanni, sai a ba wa duk wanda ya yi aiki na ƙarshe lambar yabo, har zuwa zagaye na gaba.

Iyakar da ba a tsallakawa ita ce duka da mari. A watan Satumba na 2019 'yan sanda suka fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, aka kuma sami irinsa a Daura a watan da ya biyo. A Nuwambar shekarar ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan ɗaure masu ciwon ƙwaƙwalwa a sassan ƙasar nan, a gidajen addini da na gargajiya har da wasu na gwamnati. Iyayen da suka kai 'ya'yansu irin waɗannan wurare ba mugaye ba ne. Gajiya ce da tsoro da rashin wata ƙofa. Amma sarƙa ba ta taɓa saukar da hawa ba, sai dai ta bar tabo a ƙafa da ƙiyayyar da za ta hana mutum faɗin gaskiya ranar da ya ji abin yana dawowa. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar 1958 da ta samo asali daga ta Turawan mulki ta 1916. Sabuwar ta amince cewa mara lafiya yana da haƙƙi, har da na sa baki a tsarin maganinsa. Kafin takarda ta zama aiki a Chanchaga da sauran tafiya, amma gida ba ya buƙatar jiran kowa kafin ya fara.

Takardar yarjejeniya

Hanyar farawa ita ce a zauna lokacin lafiya, mutum uku ko huɗu da mai ciwon ya zaɓa da kansa, a rubuta abin da za a yi. Mene ne alamominsa na farko? Wa yake yarda ya gaya masa gaskiya? Sau da yawa ba uba ba ne, ba kuma mata ba. Wani aboki ne na ƙuruciya ko kawu. Wa zai riƙe katin banki da makullin babur idan alamu sun bayyana, kuma yaushe za a mayar masa? A zamanin da ake cin bashi ta waya cikin minti biyar, ake kuma caca da ita, wannan tambaya ta kai ta magani muhimmanci. Wane asibiti za a je, da motar wa, kuɗin yana ina? A rubuta sunan magunguna da adadinsu, a ajiye kwafi a wurin mutum biyu. Ranar da abin ya taso, maimakon "kai mahaukaci ne", sai a ce, "Malam, ga abin da kai da kanka ka ce mu yi." Ba kullum yake ci ba, amma ya fi kokawa.

A lokacin hawa gardama ba ta da riba. A rage mutane a kansa, a kashe rediyo, a yi magana gajera cikin sanyin murya, a ba shi abinci da ruwa, kada a yi masa dariya, kada yara su ɗauke shi a waya. Maganar aure ko saki ko sayar da gona a ɗage ta. Malaman fiƙihu sun daɗe da cewa sakin wanda hankalinsa ya gushe ba ya aukuwa; idan irin haka ta faru a je wurin alƙali ko malami da takardar likita kafin a raba gida.

A lokacin faɗuwa kuma "ka yi haƙuri, ka dubi na ƙasa da kai" ba ya ɗaga kowa. Abin da ke taimako ƙanana ne: a fito da shi hantsi, a raka shi masallaci ko bakin gona, a ba shi aiki ɗaya da zai iya gamawa. Idan ya ce ya gaji da duniya, ko ya fara yafe wa mutane yana rabon kayansa, a tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta shuka tunanin; sau da yawa sauƙi take kawowa. A gidan manomi abu na farko shi ne a kwashe maganin ƙwari da na ciyawa daga ɗaki a kulle su a wani wuri, a karɓe tarin ƙwayoyi a riƙa ba shi na rana ɗaya, kada a bar shi shi kaɗai, a kai shi asibiti.

Mai jinya ma mutum ce. Yawanci mace ce, uwa ko mata, ita ke shan zagin lokacin hawa da shirun lokacin faɗuwa, sannan dangin miji su ce ita ta yi masa asiri. A raba mata aikin.

Waɗanda suka san ciwon daga ciki

Akwai abin da likita da dangi ba za su iya bayarwa ba: mutumin da zai ce "ni ma na yi wannan" ba tare da ya sunkuyar da kai ba. Hauwa Ojeifo ta fito fili ta ce tana da baifola, ta kafa ƙungiyar She Writes Woman a 2016, ta kuma tsaya a gaban Majalisar Tarayya a 2020 lokacin sauraron ra'ayi kan ƙudirin dokar da aka ambata. A Amurka, Kay Redfield Jamison, farfesa a fannin ƙwaƙwalwa, ta rubuta labarin nata ciwon a 1995, kuma ba ta fasa koyarwa ba. Ranar 30 ga Maris ta kowace shekara an keɓe ta don wannan ciwo.

Misalin da ya fi kusa da rayuwar Tagwai yana arewacin Gana da Binuwai. A yankin Tamale, ƙungiyar BasicNeeds ta taimaka wajen kafa ƙananan ƙungiyoyin taimakon kai na masu ciwon ƙwaƙwalwa da farfaɗiya tare da masu jinyarsu: su haɗu a kai a kai, su tunatar da juna ranar asibiti, su tara kuɗi su ba juna jari. A Binuwai cocin Methodist da gwamnatin jiha sun yi irin wannan ta hannun ma'aikatan jinya a asibitocin ƙananan hukumomi. Babu wani abu a ciki da ya fi ƙarfin mutanen da suka gaji adashi. Mutum takwas ko goma, wata-wata, a wuri mai sirri, da ƙa'ida biyu: abin da aka faɗa a nan ya tsaya a nan, kuma ba mai sauya wa wani magani. Zubin da aka tara ya zama kuɗin mota da na ƙwaya ga wanda watan ya matse, domin yawancin yanke magani daga aljihu yake farawa. Idan ranar asibitin mutum huɗu ta zo ɗaya, mota ɗaya ta ishe su.

Minna ba baƙuwar irin wannan haɗin kai ba ce. A nan aka kafa FOMWAN a 1985, marigayiya Hajiya Aisha Lemu ta zama Amirarta ta farko, ƙungiyar ta bazu ƙasa baki ɗaya da makarantu da asibitoci. Islamiyyun matan aure da zumuntar mata ta coci suna haɗuwa kowane mako a kusan kowace unguwa, daga Tunga zuwa Maitumbi zuwa Kpakungu. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane irin wannan ciwo su kuma bi diddigin masu shi, Nijeriya ta karɓe shi. Ma'aikaciyar lafiya ɗaya mai wannan horo, da aji ɗaya na Islamiyya bayan an tashi, sun isa a yi zaman farko. Abin da zai fi wuya shi ne samun mutum biyun farko da za su yarda a gan su suna shiga, shi ya sa gayyatar ta fi kyau ta fito daga bakin ma'aikaciyar, ɗaya bayan ɗaya, a ranar karɓar magani.